Sulken Ƙirgin Arzika

A unguwar Badariya, in ka bi layin masu cajin waya har ƙarshe, za ka ga wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa. Na Arzika ne. Sana'arsa tura wa mutane fina-finai a waya, kuma da yake ba ya tura abin da bai kalla ba, sai aka wayi gari ya fi kowa a unguwar sanin sararin samaniya. Tafiyarsa mafi nisa a duniya Jega ce, ita ma biki ya kai shi. Amma in ka zauna a bencinsa zai yi maka bayanin yadda ake shan shayi a cikin kumbo ba tare da ya zube ba, har ya gyara maka riƙon kofi.

Ana nan sai wani malamin makaranta mai suna Abdussamadu, wanda ciwon shirya fim ya daɗe yana cinsa, ya samu aron kyamara. Ya sanar cewa zai yi fim mai suna Fataken Taurari, labarin wasu 'yan kasuwa masu kai albasa wata duniya, kuma a bakin gulbin Argungu za a ɗauka, don in rani ya yi rairayin wurin ba shi da maraba da doron wata. Abu ɗaya ya rasa, mai ɗinka kaya. Saboda haka ya yanke hukunci mai sauƙi: ranar Asabar da tsakar rana, duk wanda ya zo da kayan kyaftin ɗin kumbo mafi kyau, haɗin kansa, shi ne kyaftin.

Ranar Litinin aka yi sanarwar. Kafin la'asar Arzika ya sa an ƙara kalma ɗaya a allon shagonsa.

"Kyaftin Arzika," in ji Zayyanu ɗan kabu-kabu, abokinsa tun na ƙuruciya, yana karanta allon daga kan mashin. "Yo har an ba ka?"

"Ba ni za a yi? Zayyanu, taimakonsu za ni yi. Wa ag gare su in ba ni ba?"

"An ce Faruk mai aski ma za shi shiga."

Arzika ya yi dariya har sai da ya dafa ƙofa. "Faruk! Mutumin da in hadari ya taso shina rufe shago shi gudu gida? Shi za a ba kumbo? Kai dai shirya mashin ranar Asabar. Tun yanzu ka fara koyon ɗaukar manyan mutane."

Washegari ya shiga kasuwa wurin Baba Kalilu baduku, tsohon da ya shekara hamsin yana riƙe da basilla, wanda kuma ba ya kashe kalma biyu inda ɗaya za ta isa. Arzika ya yi masa bayanin kumbo, da taurari, da irin zafin da ake sha in za a ratsa kusa da rana. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya jawo fatu uku ya shimfiɗa.

Ta farko jar fatar akuya ce mai sheƙi. "Wagga ta sha bagaruwa, ta sha mai," in ji Kalilu. "Tana naɗuwa awa ƙyalle."

"Baba, wagga ai ta gidan laya ta. Ni sama za ni, ba wurin boka ba."

Ta biyu kaurara ce, ta bijimi, irin wadda ake yanka takalma da ita.

"So ka kai mutanen wata duniya su ce Kebbi ta aiko musu da takalmi mai magana?"

Kalilu ya tura masa ta uku. Toka-toka ce, ba ta ƙyalli, an karkare cikinta har ya tashi kamar karan-miski, in ka shafa da yatsa sai ya bar sawu. "Ba ta da nauyi, tana shan iska. Ruwa kaɗai ba ta so. Ga zahin ga da a kai, in ni na, ita ni ka ɗauka."

Arzika ya shafa ta sau ɗaya, ya sake shafawa. Hannunsa ya so ta ƙwarai, amma bakinsa ya riga ya saba da raina abu. "Jakar amare ke nan. In abokan gaba sunka harbo wuta, da laushi za ni tare ta?"

A nan idonsa ya faɗa kan wani abu da aka jingine a bango, faffaɗa, busasshe, a sandare kamar ƙyauren ƙofa. Ya je ya ƙwanƙwasa. Ƙwas!

"Shi wancan fa?"

"Ƙirgi na. Ɗanye na, bai ga jima ba. Ganga za ni ɗaure ma wani makaɗi na Argungu da shi."

"Shi ni ka so! Sulke ke nan. Ko dutse yaf faɗo daga sama, tsalle za shi yi shi koma."

"Ɗana, ba a sa ma mai numfashi ƙirgi. In ya sha ruwa shi saki, ka yi mai siffar da kas so. In ya sha rana shi ɗame, kuma abin da duk yat tarar ciki, da shi za shi ɗamewa."

Arzika yana da wata baiwa. In aka gaya masa magana mai kashi biyu, kashin da ya yi masa daɗi kaɗai yake ji. Ya sha ruwa ya saki, ka yi masa siffar da ka so: wannan ai kimiyya ce tsagwaronta, tsohon yana zaune a kanta bai sani ba. Ya nemi a sayar masa, Kalilu ya ƙi. Suna cikin haka Faruk mai aski ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida tsohon, ya tambayi wadda ta dace. Aka nuna masa mai karan-miski, ya naɗe ta ya yi godiya.

"A gaida amarya," in ji Arzika.

Daga nan bayan mahauta ya nufa, wurin Maman Opeyemi mai ganda, wadda ta zo daga Kudu tun tana amarya, kuma yanzu Hausarta ta fi ta wasu haifaffun garin gishiri. Tana da ƙiraga jibge, an kankare musu gashi, suna jiran tukunya.

"Guda sukutum? Arzika, suna za a yi ko walima? Mutum nawa za su ci?"

"Ba ci za a yi ba, Mama. Riga da wando za ni yi."

Ta ajiye wuƙa ta dube shi daga sama har ƙasa. "Shekarata ashirin da uku a garin ga. Na ga wanda yac ci ganda har yak kasa tashi. Ban taɓa ganin wanda ganda tac ci ba. In abin ya faru, don Allah a kira ni."

A gida ya lanƙwasa ƙirgin da ƙyar, ya danna shi cikin durom ɗin ruwan matarsa Sauda, wadda tela ce, ya ɗora dutse a kai. Ranar Laraba maƙwabta suka fara leƙa kwata suna neman mushen kyanwa. Ranar Alhamis Aminatu maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga da mayafi toshe a hanci.

"Sauda, in akuyarku ta tam mutu, ku hwaɗa muna mu shigo jaje."

"Akuya lahiyarta lau, Aminatu. Maigida na ka kimiyya."

"To Allah shi ba kimiyya lahiya, don ta jikkata."

Ranar Juma'a da yamma aka ɗage dutse. Ƙirgin ya fito lugub kamar jiƙaƙƙen bargo, Arzika ya zagaye tsakar gida da shi sau biyu don kowa ya shaida. Ya kwanta a kansa, Sauda ta zana siffarsa da gawayi, suka yanka. Keken ɗinkinta ya karya allura uku a kan kabu ɗaya, ta rufe shi ta ce in ya sake matso da abin nan kusa da kekenta, gidan ubanta ba nisa.

Saboda haka ranar Asabar da sassafe aka yi abin da hannu. Arzika ya tsaya a tsakar gida daga shi sai singileti da gajeren wando, Sauda ta lulluɓa masa jiƙaƙƙun yankunan tana ɗinkewa a jikinsa da basilla da tsirkiya, daga idon sawu har wuya.

"Ina za a sa maɓalli?"

"Kin taɓa ganin rigar kumbo da maɓalli? Iska ka shiga."

"To ta ina za ka hita?"

"Sauda, ina shirin shiga tarihi kina tambayata ƙohwar hita."

"In fitsari ya kama ka fa?"

"Ba shi kama kyaftin."

"Shi ke nan. Ɗaga hammata."

Zayyanu ya zo da fentin azurfa irin wanda ake shafa wa salansar mashin, suka laɓta masa. Hular kuwa ƙwarya ce, ita ma an yi mata azurfa, an kafa mata eriyar tsohuwar rediyo a tsakiya. Ya ɗora tabaran masu walda.

Gaskiya dai a faɗe ta: da ya fito ƙofar gida wajen ƙarfe takwas, ya yi kyau. Ƙirgin ya kwanta a jikinsa kamar da shi aka haife shi, har ya ƙirƙiro masa ƙirjin da bai taɓa mallaka ba. Ga sanyi. Watan Afrilu ne, tun da safe gari ya ɗauki zafi, amma shi yana cikin jiƙaƙƙiyar fata kamar ruwan randa.

"Kun gani? Har da na'urar sanyi a ciki. Faruk na can shina zuhwa cikin jakar amare."

Ya hau bayan mashin. Hannun hagu ya zagaye cikin Zayyanu da shi, na dama ya dafe ƙwarya a gefen goshi kada iska ta ɗauke ta. Daga nesa sai ka rantse sarawa yake yi.

Da sun kama hanya kai tsaye, da wataƙila labarin ya canza. Amma Arzika ya ce bai kamata a hana jama'a haƙƙinsu ba. Suka zaga Badariya sau uku. Suka shiga Gesse, unguwar masu hali, layi-layi, masu gadi suna miƙewa tsaye ba su san dalili ba. Suka bi ta gaban shagon Faruk, wanda yake a rufe, suka yi oda duk da haka. Suka bi ta bayan mahauta, Maman Opeyemi ta fito ta rafka guɗa, sannan ta ɗaga murya ta ce kada a manta da alkawarinta. Sai bayan ƙarfe goma suka hau titin Argungu, rana ta riga ta miƙe.

A Zauro, inda fadamar shinkafa take shimfiɗe kore shar, Arzika ya ji rigar ta ɗan rungume shi.

"Zayyanu, ka ji abin mamaki? Ta fara gane mai ita."

"Ni abin da nij ji ban iya hwaɗi. Dubi bayanka."

Bai iya waiwaye sosai ba, amma ya ji haushi. Karnuka huɗu ne suka biyo su daga ƙauye, da gudu irin na masu bin haƙƙinsu. A sama kuma ungulu biyu sun fara shawagi cikin natsuwa.

"Rakiya ta," in ji Arzika. "Ko dabba ta san girma."

Bayan Ambursa garken shanu ya tare hanya, irin garken da ba a ganin ƙarshensa. Suka tsaya a tsakiyar kwalta, ba inuwa ko ta sandar lantarki. Wani farin bijimi ya ratso ya zo ya shinshina kafaɗar Arzika, ya daɗe yana shinshinawa, sannan ya ɗaga kai ya yi wani dogon kuka mai ban tausayi. Makiyayin ya matso da sanda a kafaɗa, ya dubi bijimin, ya dubi mutumin azurfa.

"Ya gane ɗan'uwansa," ya ce, ya kora shi.

Rabin sa'a suka yi a wurin. Da suka tashi, iskar hanya ta ɗora daga inda rana ta tsaya. Rigar ta fara ƙara, ƙas, ƙas, kamar kwanon rufi da tsakar rana. Fentin ya fara tsagewa.

"Arzika, sassauta man ciki."

"Ban riƙe ka ba."

"Yo wa ar riƙe ni?"

"Rigar ta."

"To ce mata ta sassauta! Mi as samu muryarka? Ka koma magana awa ɗan tsako."

"Haka murya ka yi in an yi nisa da ƙasa," in ji Arzika, kalma ɗaya-ɗaya, don numfashin da ya rage masa ba ya ɗaukar biyu a tare.

Suka iso bakin gulbin Argungu ana saura kaɗan sha biyu. Wuri ya cika, don labarin fim ya zaga gari: masunta sun ajiye gora da homar kamun kifi, mata masu suyar kifi sun bar kasko, masu lodin albasa sun zo da ƙugiyoyinsu. Abdussamadu ya sa an jawo wani kwalekwale kan rairayi an lulluɓe shi da kwano, shi ne kumbo. Masu neman kyaftin sun jeru. Wani ya zo cikin buhun shinkafa da aka huda wa wuya, wani cikin kwalin firji. Faruk yana gefe cikin riga toka-toka mai karan-miski, an yi mata kafaɗu masu tsini da jan layi ɗaya a ƙirji, ba ko ɗigon zufa a goshinsa. Kusa da shi Baba Kalilu ne zaune a kan gora, ya kawo wa makaɗin nan gangarsa ya tsaya kallo.

Amma da mashin ya shigo, kowa ya manta da su. Mutum na azurfa, da eriya, yana sarawa ba ko motsi, karnuka a baya, ungulu a sama. Wuri ya kaure da tafi. Abdussamadu da kansa ya rugo da kyamara a kafaɗa.

"Kai! Wannan shi ne shigowa! Dubi yadda ya riƙe sarawar nan, ko soja albarka. Malam Arzika, bismilla, sauko."

Arzika bai sauko ba.

"Sauko mana."

"Kyaftin," in ji Arzika a siririyar murya, "ba shi gaggawa."

"Ƙarya shi kai, Malam!" in ji Zayyanu. "Ya bushe! Ku cire ni, don girman Allah, tun Ambursa ban yi numfashin kirki ba!"

Aka taru a kansu. Aka ja hannun hagun, ya ƙi ko gezau. Daga ƙarshe sai da Zayyanu ya fitar da duk iskar cikinsa, wata mai suyar kifi ta shafa masa man gyaɗa, ya sulale ta ƙasa ya bar rigarsa a hannun Arzika. Masu lodin albasa huɗu suka ɗauke kyaftin daga kan mashin suka dire shi a rairayi. Ya tsaya na ɗan lokaci kamar mai zaune a kan kujerar da babu ita, gwiwoyi a buɗe, hannu ɗaya rungume da iska, ɗayan a goshi. Sannan a hankali ya kife ta baya, ƙafafu a sama, yana sara wa ungulu.

Dariyar da aka yi har masu jirgi a tsallaken gulbi suka tsaya suna tambayar lafiya.

"Haka a ka zama cikin kumbo," in ji Arzika daga ƙasa. "Wanda bai sani ba shi tambaya."

Abdussamadu mutum ne mai adalci. Ya share hawaye ya ce a tayar da shi a ba shi damarsa. Jarrabawar ba wuya: kyaftin zai fito daga kumbo, ya taka rairayi taku uku, ya buɗe hannuwa ya ce, "Mutanen wannan duniya, mun zo da albasa da zaman lafiya."

Aka ɗauke shi aka ɗora a bakin kwalekwale.

"Taku uku, Malam Arzika."

"A rage."

"To, taku ɗaya."

"A bar shi zaune. Ya hi kwarjini."

"Buɗe hannuwa fa?"

"Ɗaya a buɗe shi ke."

"To faɗi maganar."

Arzika ya tattara iskar da ta rage masa. "Mutanen... wagga..." Ya tsaya. Idanunsa suka firfito a bayan tabarau. "Sauda... ta yi... gaskiya."

"Ba haka aka rubuta ba."

"Fitsari," in ji kyaftin.

Nan fa aka shiga neman hanyar fitar da shi. Faruk ya ciro almakashin aski daga aljihu, ya gwada a kabun kafaɗa, almakashin ya dakushe. Wani ya kawo wuƙar fawa, Arzika ya yi ƙara ya ce shi ma nama ne a ciki. Wani ya ce a kira mai zarto. Ana cikin haka wani tsohon masunci mai suna Tamba ya zagaya ta bayansa, ya ƙwanƙwasa gadon bayan da yatsa don ya ji kaurin abin.

Dum.

Kowa ya juyo. Tamba ya sake bugawa, wannan karon da tafin hannu. Dum, dum. Sauti ne mai zurfi, mai daɗi, irin wanda ke shiga ciki ya zauna.

Makaɗin da aka kawo wa sabuwar ganga ya ajiye ta a ƙasa, ya matso da gula a hannu. "Baba Kalilu, wanga ya hi wadda ka kawo man."

"Bayansa ya hi itace rami," in ji Kalilu.

Makaɗin ya gwada taken masunta a hankali. Ya zauna daram. Ya ƙara wuta. Kafin a ankara mata masu kifi sun shiga fili, masu albasa sun ɗaga ƙugiyoyi sama, mai buhun shinkafa da mai kwalin firji sun kama juna suna juyi, Zayyanu ba riga, ciki na ƙyallin man gyaɗa, ya fi kowa tsalle. Abdussamadu yana ɗauka yana kuka da dariya.

"Ku daina... kiɗa ni!" in ji Arzika. "Ni... kyaftin na!"

"Yi shiru, kana ɓata sauti," in ji makaɗin.

Baba Kalilu ne ya tsayar da abin. Ya tashi ya zo ya sa yatsa tsakanin wuyan rigar da maƙogwaron Arzika, yatsan ya ƙi shiga. Fuskarsa ta canza.

"Ya isa. Ku kai shi ruwa yanzu, tun shina magana." Ya sunkuya daidai kunnen Arzika. "Ɗana, kashin farko na maganata za mu koma. Wanda ka ji."

Tamba ya ɗaura masa gora biyu, ɗaya a kowace hammata, ya zarga masa igiya a ƙugu. Aka ɗauke shi kamar tulu aka saka a gulbi. Ya nutse har wuya ya taso, yana lilo a hankali, eriya a sama, hannu a goshi. Matsalar da ya ambata ɗazu ta warware kanta ba tare da kowa ya tambaya ba, sai dai an ga fuskarsa ta saki.

"Har yaushe?" ya tambaya.

"Kwana uku ka jiƙa shi da fari," in ji Kalilu. "Amma kabu kaɗai mu ka so shi saki. Wataƙila la'asar."

Daga nan cikin ruwa, ƙananan kifaye suna tsattsagar gwiwarsa, Arzika ya kalli sauran jarrabawar. Buhun shinkafa ya yage a taku na biyu. Kwalin firji ya ƙi fita ta ƙofar kumbo. Faruk ya fito cikin natsuwa, ya yi taku uku, ya buɗe hannuwa, rigar ta bi shi ba ko ƙara, ya yi wa mutanen wata duniya albishir da albasa da zaman lafiya. Abdussamadu ya ɗaga hannun Faruk sama ya ce ga kyaftin.

"Bai iya ba!" Arzika ya ƙwala daga gulbi, muryarsa ta fara dawowa. "Ba haka a ka taka wata ba! Faruk, ɗaga ƙahwa sannu-sannu!"

"Baba Tamba," in ji Abdussamadu, ido a kyamara, "a ɗan ja shi hagu, yana shiga hoto."

Tamba ya ja igiya, kyaftin na Badariya ya yi gefe cikin ciyawa, yana sarawa.

Bayan la'asar tsirkiyar ta saki. Kalilu ya farke kabun da 'yar wuƙarsa, aka zare Arzika kamar yadda ake zare gyaɗa daga kwanso, fari fat, duk jiki sawun ɗinki. Mai suyar kifi ta ba shi aron zane. Hannun damansa kuwa sai da ya kwana biyu yana tashi goshi da kansa. Zayyanu ya kira Maman Opeyemi a waya don cika alkawari, aka ji dariyarta ba tare da an sa a lasifika ba. Ta ce ragowar kada a dawo mata da ita, kwastomominta ba sa cin fenti.

Kalilu ne ya naɗe yankin gadon bayan ya tafi da shi. Bayan mako biyu ya ɗaure wata ganga da shi, har yanzu da ɗan azurfa-azurfa a gefenta, makaɗin Argungu ya karɓa hannu biyu. Ba wanda ya zauna ya raɗa mata suna, sunan ne ya bi ta. Yau ko a Badariya in za a yi biki, za ka ji uwar amarya tana cewa ita dai a tabbata an zo da Kyaftin, kuma ba wanda ke waiwayar shago mai shuɗiyar ƙofa.

Sauda ce ta sa aka goge kalmar daga allon. Arzika bai yi musu ba, ya ce dama allon ya yi cunkoso. Amma ranar da aka fara kaɗa gangar a unguwarsu, yana zaune a bencinsa, ya ɗaga yatsa ya sa kowa ya yi shiru.

"Kun ji zurfin ga?" ya ce. "Baba Kalilu shekara hamsin shina ɗaurin ganga bai taɓa samun irinai ba. Sai da nis shiga ciki da kaina."